Shinkafar Huɗu ga Afrilu

Littafin tarihin duniya da nake koyarwa da shi a babbar sakandaren garinmu ya kai nauyin tubali, amma abin da aka ba Koriya a cikinsa 'yan layuka ne kawai. Su ma can cikin babin yaƙin cacar baka, ƙarƙashin hoton wata tankar yaƙi: an yi yaƙi a 1950, an raba ƙasa gida biyu, shi ke nan, a juya shafi. Sai ka ce mutanen daga sama suka faɗo ranar da aka fara harbi. Duk shekara in na iso wannan shafi raina sai ya ɓaci, kuma yara sun gane, har nakan ji suna raɗa, "Yau Profe Ermilo zai yi faɗa da littafi."

Ina da dalilina. Kakata Genoveva Han, wadda gari ke kira Donya Beba, mu jikoki kuma mu ce mata Chichi, mahaifinta ɗan Koriya ne. Yana cikin mutum dubu da 'yan kai da aka ɗebo a jirgin ruwa a 1905, aka zube su a nan Yucatán su yanki henekén, tsiron nan mai ƙaya da ake igiya da zarensa. Kwantiragin shekara huɗu aka yi da su. Kafin su tara abin komawa Japan ta haɗiye ƙasarsu, babu inda za su koma. Shi ya auri wata Bamaya, 'yar asalin ƙasar nan, ta haifa masa maza biyu da mace ɗaya, ta rasu Chichi tana rarrafe. Shi ma ya bi ta Chichi tana 'yar shekara goma sha biyu. A gona Manuel ake kiransa, sunansa na gaskiya kuwa ya tafi da shi kabari, Han ɗin kaɗai ya bar mana.

Shekarar da nake ba ku labari na je wurin shugaban sashenmu, Profe Gaspar Uicab, na ce darasi ɗaya nake so a ba ni, na Koriya zalla.

Ya ce, "Yana cikin jarrabawa?"

Na ce, "Ba ya ciki."

"To ka gani. Kai da ko juyin juya halin Rasha ba ka gama ba, ga hutun Ista a bakin ƙofa. Kuma yaran nan ai sun fi ka sanin Koriya, leƙa wayoyinsu ka ga samarin mawaƙan can da suka liƙa."

"Gaspar, rabin tsofaffin gonakin da ke kewaye da makarantar nan akwai ƙasusuwan 'yan Koriya a ciki. Jikokinsu suna zaune a ajinka, kana kiransu 'yan China."

Ya ɗaga hannu. "Na ji, na ji, kada ka cinye ni. Ɗauki Alhamis ta ƙarshe kafin hutu. Amma in suka faɗi Rasha, kai za ka tsaya gaban iyayensu."

Na fito ina murna, don na riga na san abin da zan kai aji. Ba taswira ba, taswira kam ko ina akwai. Chichi zan kai.

Chichi ba ta jin ko kalma biyar ta Koriyanci. Ba ta da hoton mahaifinta, ba ta da takardar haihuwa. Abin da ya bar mata cokalin tagulla ne mai dogon mariƙi, da kuma abu guda da take tunawa, wanda da shi ta rayu har ta haura tamanin. Sau ɗaya a shekara, ranar huɗu ga Afrilu, tun da asuba kafin a fita gona, mahaifinta yakan dafa farar shinkafa. A gidan da tortiya, wato wainar masara, da wake ne safe da yamma, shinkafa ba ƙaramin abu ba ce. Kwano ɗaya tak. Ya buɗe ƙofar gida, ya jawo ɗan teburi gaban bangon da ragar lilon da take kwana a ciki take ɗaure, don ita yarinya ce mai yawan zazzaɓi, kullum tana kwance. Ya ajiye kwanon, ya kafa cokalin a tsaye a tsakiyar shinkafar. Sannan wannan mutum, da ko mai gona bai taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba, ya durƙusa, goshinsa har ƙasa, yana fuskantarta. Ya miƙe, ya sake, sau biyu. Yayyenta maza su yi yadda ya yi. Ya yi mata alama da hannu kada ta taɓa, su uku su fita tsakar gida su bar ta ita kaɗai da tururin shinkafa. Can an jima ya dawo idanunsa jawur, ya zare cokalin, ya miƙa mata kwanon, ta cinye, yayyenta suna haɗiyar yawu.

Mutum ne da ba ya magana. Mayancinsa guntu-guntu, Sifaniyancinsa na karɓar umarni ne. Bai taɓa rungumarta ba, bai taɓa ce mata komai mai daɗi ba. "Amma ya durƙusa mini," in ji Chichi. "Wace 'ya ce a garin nan ubanta ya taɓa durƙusa mata?" Ta faɗa wa mijinta haka lokacin da yake shan giya yana zaginta, ta faɗa wa surukanta, ta faɗa wa likitan da ya yanke mata ƙari. Tunda babu takarda, sai aka ɗauki ranar a matsayin ranar haihuwarta, don me kuma zai sa uba ya yi wa 'ya haka? Mu muka taso muka tarar ana yi. Duk huɗu ga Afrilu a zaunar da ita a raga jikin bangon nan, don har yau gidan take, a kafa cokali, mu durƙusa sau biyu muna ƙunshe dariya, mu fita, mu dawo da waƙa da kek. Har ga na kusa da ita ta faɗaɗa abin. Ranar da na gama jami'a ni ma an kafa mini cokali.

Da na gaya mata zan kai ta makaranta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya sawa daidai ba, kai ne za ka kai ni gaban jama'a?"

"Chichi, za ki zo ko in nemi wata tsohuwar?"

"Nemo mana. Nemo wadda ke da cokali." Sai ta tashi ta shiga neman farar rigarta mai surfanin furanni, wadda take ajiyewa don zuwa coci ranar biki.

Na kuma gayyaci baƙuwa. A Mérida, babban birnin jiharmu, akwai wata Malama Yun, mace mai kimanin shekara sittin, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a Koriya ta zo tana koya wa jikokin 'yan henekén harshen kakanninsu ranar Asabar. Sifaniyancinta a hankali yake tafiya, amma ana ganewa. Na ce mata kakata za ta nuna wa yara wata al'adar Koriya da muka adana fiye da shekara ɗari, ban faɗa mata wace ba, so nake ta ga abin mamaki. Da Chichi ta ji cewa 'yar Koriya ta gaske za ta zo, daga can, kwana ta yi tana tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya.

Ranar Alhamis zafi ya yi zafi, fankar ajin tana juya iska mai ɗumi. Yara sun cika, har da na wasu azuzuwan a bakin taga, Gaspar ma ya jingina a baya yana yi kamar wucewa yake. Na fara da abin da littafi ya ƙi faɗa. Na ba su labarin daulolin da suka yi ɗaruruwan shekaru, da sarkin da ya sa aka ƙirƙiro haruffa don talaka ya iya karatu, da yadda manyan maƙwabta suka yi ta jan ƙasar kowa ta gefensa. Landy Chablé, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga hannu.

"Profe, yaushe za a zo kan mawaƙa?"

"Ranar da kika ci jarrabawa."

"Ashe babu rana," wani ya ce daga baya, aka kwashe da dariya.

Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe ranar da jirgin ya bar tashar Koriya, huɗu ga Afrilu, 1905. Kada ku tambaye ni yadda aka yi ban taɓa haɗa wannan rana da ta gidanmu ba. Na sani, na ma sha faɗa a gida cewa dubi ikon Allah, an haifi Chichi a ranar da jirgin babanta ya taso. Ikon Allah na ɗauke shi, na wuce.

Daga nan na ce ga Donya Beba. Ta miƙe da sandarta, ta ba su labarin raga da zazzaɓi da shinkafa, ta faɗi ranar, ta faɗi durƙuson. Da yaren garinmu take magana, Mayanci yana shiga yana fita, ga sauri, na lura Malama Yun murmushi kawai take tana gyaɗa kai, ba ta kama ko rabi ba. Sai Chichi ta ce tunda Allah ya kawo mata 'yar ƙasar mahaifinta, yau ita za ta karrama.

"Zo nan, 'yata, zauna jikin bango. Kai Ermilo, buɗe ƙofar nan sosai. Jawo teburin."

Na juye shinkafar daga kula zuwa kwano, tana tururi. Chichi ta warware cokalin daga cikin ƙyalle, ta goge shi da gefen rigarta, ta kafa shi a tsaye a tsakiya, ta tura kwanon gaban baƙuwa. Na ga murmushin Malama Yun ya ɗauke. Ta dubi cokalin, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Ni kuwa sakarai na ɗauka abin ne ya taɓa zuciyarta, har na yi wa Gaspar kallon ka gani ko.

Na riƙe wa Chichi hannu ta sauka a kan gwiwoyinta, ƙasusuwanta suna ƙara. Ta kai goshi ƙasa. Malama Yun ta ɗan zabura tana cewa, "A'a, a'a, ke ce babba." Chichi ta miƙe da ƙyar, ta numfasa, ta fara sauka karo na biyu.

Kujera ta kife. Malama Yun ta yi tsalle ta zagayo teburin, ta rungumo Chichi tun gwiwarta ba ta kai ƙasa ba, da ɗaya hannun ta fizge cokalin daga shinkafar. "A'a, Halmoni! Na biyu a'a!" Halmoni kaka ke nan a harshensu.

Wasu yaran suka fara dariya, suka ga ba abin dariya ba ne, suka haɗiye. Chichi ta dube ta.

"Na yi kuskure ne?"

"Daga baya, Halmoni. A gida. Don Allah."

"Ke yarinya, ni ba a yi mini daga baya, ba ni da daga baya mai yawa. Wane wuri na ɓata? Na manta wani abu?"

Malama Yun ta dube ni tana neman ceto. Ni da na kawo ta don ta gaskata mu, me zan ce? Na ce ta faɗa, aji ne, don haka muka taru.

Ta yi magana a hankali, tana zaɓen kalmomi. "Ba ki ɓata komai ba. Ƙofa daidai. Cokali daidai. Sau biyu daidai. Fita waje ma daidai. Ko a Koriya yanzu ba kowa ya iya shi haka ba." Ta dubi cokalin da ke hannunta. "Amma ba a yi wa mai rai. Mai rai sau ɗaya ake durƙusa masa. Sau biyu na wanda ya mutu ne. Ana buɗe ƙofa ya shigo. Ana kafa cokali ya ci. Ana fita a ba shi wuri."

"A watan Afrilu?" in ji Chichi, har da 'yar dariya, irin ta wanda ya kama yaro da shirme. "Haba, 'yata. Matattu a Nuwamba suke zuwa, kowa ya sani. Babu kyandir, babu gicciye, babu fure. Wane matacce ne zai zo cikin wannan zafi?"

Nan ne fa. Mu da muke shimfiɗa wa matattunmu teburi duk shekara, mu kunna musu kyandir, mu tono musu pib daga rami, gashin masara da kaza mai zafi, mu ne muka kasa gane abincin matattu a gabanmu, don kawai bai zo a watan da muka sani ba.

"A wurinmu kowane mamaci da ranarsa," in ji Malama Yun. "Ranar da ya rasu."

"To wa ya rasu mana ran huɗu ga Afrilu? Mahaifiyata da damina ta tafi."

Sai Landy, wadda ban taɓa jin muryarta ƙasa-ƙasa ba sai ranar, ta ce, "Profe." Tana nuna allo.

Malama Yun ta juya ta karanta abin da na rubuta da hannuna. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "A wasu gidajen, in ba a san ranar da mutum ya mutu ba, sai a ɗauki ranar da aka rabu da shi. Ranar gani na ƙarshe." Ta dubi kwanon. "Kwano ɗaya, mutum ɗaya. Ko mahaifiyarsa. Ko mata. Ko ɗa. Ban sani ba."

Chichi ta dafa teburi. "Ni ce a jikin bangon."

"Bango ake fuskanta, Halmoni."

"To shinkafar wa na yi ta ci?"

"Ban sani ba," in ji Malama Yun, hawaye suna zubo mata. "Ki yafe ni."

Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Chichi ta karɓi cokalinta, ta goge ƙwayoyin shinkafar da suka manne, ta naɗe shi a ƙyalle. Ta dubi yaran ta ce, "To kun ji. Ku rubuta, kada malaminku ya ce na ɓata masa darasi." Ta kama hannuna muka fita. Gaspar ya matsa ya ba mu hanya, kansa a ƙasa.

Muka hau keke mai inji zuwa gida. Ni ne na yi ta zuba. Na zagi littafi, na zagi waɗanda suka rubuta shi, na ce da an koya mana tarihin nan tun farko da ba mu yi shekara da shekaru muna rawa a kan makoki ba. Na ce ita ma matar nan ba ta da hankali, ai da sai ta yi shiru ta ci shinkafarta.

"Rufe mini baki," in ji Chichi. "In kafa maka cokalin matattu ka ci, ka ga ko zai wuce maka." Sai ta tuna ta taɓa kafa mini, ta kawar da kai.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi mini ranar ciwo. Ta daina tsokanata. Na zo da riga a karkace da gangan, ta gani, ba ta ce komai ba. Ta sa aka kwance ragarta daga bangon da ta kwana jikinsa tun tana jaririya, aka mayar ɗakin baya wurin buhunan masara. 'Yan'uwa suka fara bugo waya daga Cancún suna tambayar wane irin kek za a yi bana, ta ce a gaya musu ba a haife ta ba. Tausayinta ya cika ni, ga haushi, kuma ban san wa zan huce a kansa ba, don babu wanda ya yi ƙarya a cikin maganar nan.

Ranar Lahadi Malama Yun ta shigo motar haya tun daga Mérida, da kwandon lemo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga sai da Chichi ta ce, "Shigo mana, ke ai mai rai ce." Suka zauna a tsakar gida, ni ina tsakani ina gyara musu magana.

Malama Yun ta ce akwai abin da ba ta samu ta faɗa ba a aji. Bayan mamaci ya ci, iyali ne ke cinye abincin, kuma albarka ce, akan raba wa kowa. "Kwano ɗaya yake da shi, 'ya'ya uku. Ke ya ba duka."

"Ni ce mara lafiya," in ji Chichi. "Ko kare ne ba shi da lafiya akan zuba masa na kirki."

"Halmoni..."

"Bar lallashina, 'yata, na girmi lallashi. Tambaya nake da ita. Shi wanda ya yi wa wani, shi kuma wa ke yi masa?"

"'Ya'yansa."

"In ba su yi ba fa?"

Malama Yun ta sunkuyar da kai.

"Da yunwa yake zama ke nan."

Na yi saurin cewa ai ba mu taɓa barin sa ba, duk Nuwamba da kyandir ɗinsa a teburi, da rabonsa na pib.

"Pib!" Ta buga sandarta a ƙasa. "Mutumin da har ya mutu masara ba ta zauna masa a ciki ba! Ina ganinsa yana tura tortiya da ruwa kamar magani. Shekara saba'in da wani abu ina tura masa masara, ni kuma ina zaune kamar sarauniya ina cinye shinkafa ana yi mini waƙa." Ranar ce kaɗai na ga kukanta a kan maganar, kuma bai daɗe ba, ta share da bayan hannu. Ta ce wa Malama Yun ta koya mata abin tun daga farko, har inda ake ajiye ruwa. Ranar rasuwar mahaifinta ba ta riƙe ba, ta dai san ana sanyi. Ta ce to ya haƙura ya raba rana da baƙonsa, tunda dai sun san juna.

Huɗu ga Afrilu ta faɗo cikin hutu. Ta hana kowa zuwa sai ni. Da asuba na same ta ta riga ta dafa, ta zuba kwano biyu. Cokalin tagulla ɗaya ne, ta tsaya tana juya shi a hannu.

"Wa za a ba?" na ce.

"Mai shi. Shi ya saba da shi." Ta kafa shi a kwanon wanda ba mu sani ba. A na mahaifinta ta kafa cokalin kicin na yau da kullum, mai lanƙwasasshen mariƙi. "Baba ba ya da tsirfa."

Na buɗe ƙofa. Bangon yana nan fayau, sai ƙugiyoyin raga biyu da inuwar da jikinta ya bari a farar ƙasa. Na riƙe ta muka durƙusa, muka miƙe, muka sake. Karo na biyu sai da na ɗago ta ɗungurungum. Sannan muka fita tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi ba a wannan rana tun da aka haife ta.

Ta tsaya tana dube-dube kamar baƙuwa a gidanta. "A ina suke tsayawa?"

"Mu dai ƙarƙashin lemon nan muke tsayawa."

"Lemon nan ni na dasa shi. Da can dutsen wanki ne a wurin." Ta taka har can, ta juya ta dubi gidan. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango teburin, ana hango tururi, ana hango bango da ƙugiyoyinsa.

"Daga nan ana ganin raga," ta ce.

"Ana gani, Chichi."

"Matar nan ta ce baya ake juyawa."

"Haka ta ce."

Ta juya baya, ni ma na juya. Muka fuskanci katangar duwatsu, zakarun maƙwabta suna ta cara. Ina jin numfashinta. Yayyenta da suka san ko mahaifinsu yakan waiwaya ya dube ta ko a'a sun daɗe a ƙasa, babu sauran wanda za a tambaya a duk faɗin duniya. Ba mu jima ba na ga kanta yana motsi. Ta dafe sanda da hannu biyu, ta waiwaya ta kan kafaɗa, ta kalli cikin ɗakin. Ta dawo da kai. Can kuma ta sake.

"Ba a iya daurewa," ta ce, ba ni take gaya wa ba. "Ka ga ko ni na waiwaya."

Da muka koma ciki ta zare cokulan, ta tura mini kwano ɗaya, ɗayan ta sa a rufe. Ko loma ba ta kai baki ba.

Chichi ba ta kai Nuwamba ba. A ɗakin baya ta rasu, cikin ragarta, kusa da buhunan masara, don har ƙarshe ta ƙi a mayar da ita bangon.

Littafin bai canza ba, 'yan layukan nan ne da hoton tanka. Amma Gaspar ya bar mini Alhamis ɗin, ban ma sake roƙo ba. Nakan je da cokalin, in ajiye shi a kwance a kan teburi, in rubuta ranar a allo, in ba su labarin tun daga dauloli har zuwa ajin da suke zaune. Kowace shekara sai an sami wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Profe, to wane ne mai kwanon?" In ce ban sani ba, kuma ba ya cikin jarrabawa.

Bana kwano uku na zuba. Biyu na san masu su.